Fayaman da Ya So Ɗumama Gida da Gas

Ranar da muka kai Baba makwancinsa na ga abin da ban taɓa gani a gidan makoki ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa zai durƙusa gaban Mama, ya ce sannu da rashi, Ubangiji ya ba da haƙuri, amma da zarar ya miƙe sai idonsa ya bi bango yana neman bututun da Baba ya kafa. Wasu sun daure. Wasu kuwa sai da suka matso kusa da ni, suka rage murya, suka ce, "Amarya, aikin gas ɗin nan an ƙarasa kuwa?"

Matan zumunta sun zo da ankonsu suna waƙa suna hawaye. Shugabarsu ta jingina da wani ƙarfe a falo, ta tuna ko mene ne, ta yi zumbur ta matsa, waƙar ta karkace. Mai waldan bayan tasha ya fi 'ya'yan cikin Baba kuka, yana cewa tun da ya buɗe shago ba a taɓa kawo masa aikin da ya ɗaure masa kai kamar na gidanmu ba. A coci, Fasto ya buɗe wa'azi da cewa marigayi mutum ne mai bangaskiya ga abin da ido bai gani ba. Wani dattijo a baya ya yi tari irin na mai haɗiye dariya, benci guda ya kama rawa.

Alhaji maƙwabcinmu, mai sayar da kayan gini a kasuwa, tun safe ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa. Shi ne ya ce wa maigidana, "Ubanka ya tafi da cinikina a bakinsa. Akwai wani famfon tagulla da muke ja a kansa tun ba a haifi ɗanka na fari ba. Ya taya, na ce albarka, ya ce zai kwana a kai. Yana nan a kan kantar shago, ban sayar wa kowa ba." Yana faɗa yana dariya, yana share ido da hannun riga.

Na zauna rubuta wannan ne domin yaran da ke tasowa a gidan suna ganin ramuka a bango suna cewa ɓera ne. Ba ɓera ba ne, kakansu ne.

Ni surukarsa ce, matar babban ɗansa. An kawo ni Kafanchan daga Fadan Kagoma a shekarar da ya ajiye aiki, wajen ƙarshen shekarun tamanin, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa Amarya yake ce mini, ko bayan na cika gidan da yara. Fayaman ne a jirgin ƙasa tun zamanin da jirgi ke cin kwal, wato shi ke tsaye bakin wuta da shebur yana ciyar da injin. Da injin dizal ya shigo aka mayar da shi tasha yana ɗaga tuta, bai kuwa taɓa yafe wa dizal ba. Yakan ce injin da ba ya gumi ba abin yarda ba ne. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Girarsa ba ta sake tsirowa sosai ba tun wata rana da wuta ta lashe ta, shi ya sa kullum fuskarsa take kamar yanzu aka ba shi labarin mamaki. Idan na kai masa ruwan wanka sai ya tsoma yatsa ya ce, "Amarya, wannan ruwan labarin wuta ya ji, bai gan ta ba." Duk abin da ya makara a duniya kuma, fansho ne, ruwan sama ne, baƙo ne, maganarsa ɗaya ce: "Jirgin da ya makara ma jirgi ne."

Mama na fama da sanyin ƙashi. Idan sanyi ya sauko daga duwatsu wajen Kirsimeti, gwiwoyinta sukan kumbura, ba ta iya miƙewa sai rana ta ɗaga. Takan shigar da kaskon garwashi ɗaki, hayaƙi ya sa ta tari, wata rana har gefen katifa ya kama. Allah ya kiyaye, zani ɗaya aka rasa. A ranar Baba ya tara mu a baranda.

Ya ce yana saurayi an taɓa aikensa gidan wani Bature injiniya a Jos, cikin tsananin ɗari. Ya shiga ya tarar da gidan da ɗumi kamar ƙarƙashin kaza mai kwanci, ba murhu ba hayaƙi. Ya tambayi kuku, kuku ya nuna masa wata tukunya a bayan kicin, da bututu mai ɗauke da ruwan zafi yana bin bango ɗaki-ɗaki.

"Jirgi ne," in ji Baba. "Jirgi ne aka cire masa ƙafafu. Ni kuwa na san jirgi. Bambancin kawai, yanzu zamani ya kawo gas. Ba kwal, ba itace. A murɗa, a ƙyasta ashana."

Mama ba ta raba kai da ke a Hausarta, kowa kai ne a wurinta. Ta dube ni ta ce, "Amarya, kai ka ji? Bam zai kawo mini ɗaki."

Baba ya ce ba a ɗaki za a ajiye tukunyar gas ba, a waje ne, bayan kicin.

Ta ce, "Bam yana neman ƙofa ne kafin ya shigo?"

Washegari ya ɗauki gawayi ya zana gidan gaba ɗaya a bangon falo, daga ƙasa har iyakar inda hannunsa ya kai, da kibiyoyi masu nuna inda ruwa zai bi ya dawo. Ya raɗa wa ɗakuna sunan tashoshi. Kicin shi ne Kafanchan, mahaɗar layi. Ɗakin Mama Jos, tunda can sanyi yake. Falo Kaduna, namu Inugu. Baƙo ba ya samun ruwan sha a gidanmu sai an kai shi Jos an dawo da shi.

Kuɗin sallamarsa na hannu a lokacin, kuma da a makon ya sayi kayan, da sun isa har da saura. Amma Baba bai yarda da farashin farko ba, na biyu ma yana zarginsa. Kullum da hantsi sai ya saka tsohuwar hularsa ta aiki ya nufi shagon Alhaji. Na sha bin bayansa in zan je cefane, har na haddace cinikin.

"Alhaji, nawa bututun nan yau?"

Alhaji ya faɗa.

"Jiya ba haka ka ce ba."

"Jiya daban, yau daban, Fayaman. Naira ce ke gudu, ba ni ba."

"To ka riƙe ta mana."

"Ka saya yau ka huta, ni ma ka hutar da ni."

"Bari in kwana a kai."

Sai ya kwana a kai, farashin ma ya kwana yana girma. Shekarun nan ne kaya suka riƙa tashi kamar an sa musu yisti. Abin da kuɗinsa zai saya da rani, kafin damina ta sauka rabinsa ma sai da roƙo. Baba ya yi fushi da naira ya koma lissafi da citta, tunda yana da gonarta a ƙauye: tukunyar gas buhu kaza, tiyo buhu kaza, ladan mai walda buhu kaza. Sai cittar ma ta faɗi a kasuwa a shekarar. Ya ce ashe har da ita aka haɗa baki.

Daga baya zarginsa ya koma kan Alhaji. Ya ja maigidana suka hau mota zuwa Kaduna a ɓoye don ya ji farashin gaskiya, ya tarar na Alhaji sadaka ne. A can aka nuna masa tukunyar ɗumama ruwa ta ainihi, irin ta gidan Baturen, aka gaya masa kuɗinta. Maigidana ya ce Baba ya cire hula ya tsaya shiru a gabanta kamar a gaban gawa, sannan ya tambayi mai shagon ko kuɗin har da shagon ne. Suka dawo bai ce wa kowa uffan ba. Ashe direban motar ya riga ya kai wa Alhaji labari.

Da safe Alhaji ya tarbe shi da fara'a. "Fayaman, yaya Kaduna? An ce kaya sun yi araha."

"Ta'aziyya na je."

"Allah sarki. Allah ya ji ƙan kuɗin mota."

A ranar Baba ya sayi bututun bai kwana a kai ba, Alhaji kuma ya yi masa ragin da bai taɓa yi masa ba. Famfon tagulla kaɗai Baba ya ƙi saya, don kada a ce ya sallama gaba ɗaya.

Tunda tukunyar Bature ta gagara, ya ce duro zai yi aikinta. Saura abin da zai fitar da zafin cikin ɗaki. Ya yi tunani ya ce ai kowace babbar mota da shi take yawo a hanci, wato lagireto. Ya ji labarin wata tirela da ta faɗi kusa da Jere ana gwanjon kayanta, ya tafi, ya dawo da lagireto biyu a saman motar doya, shi kuma zaune a kansu kamar ango. Aka jingine ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin Mama. Suka daɗe a nan ba a haɗa su da komai ba. Bututun kuwa a tsakar gida muka riƙa shanya a kai, kaji na kwana a kan ragowar.

Faɗan da ya fi kowane girma a zamansu a kan bangon nan aka yi shi. Kirsimeti ta gabato, kuma Mama ce za ta karɓi matan zumunta a shekarar. Ta roƙe shi ya goge zanen, ya ce in aka goge ruwa zai ɓata hanya. Da ya tafi ƙauye tonon citta, ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe bangon tas. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar falo yana kallon bango fari fat. Bai ɗaga murya ba.

"Wa ya rufe layi?"

Mama ta ce, "Mai tashar."

Daga ranar ya daina cin tuwonta. A shagon Alhaji yake cin na rana, a ƙofar gidan Alhaji yake cin na yamma, yana yabon miyar da ƙarfi yadda za a ji daga gidanmu, wai miyar wasu gidajen daban take. Ashe Mama ce ke miƙa wa matar Alhaji miyar ta katanga, domin cikin Baba ba ya ɗaukar yajin gidan Alhaji. Kowa a unguwar ya sani ban da mai ci.

Suna cikin wannan gaba na haifi ɗana na fari, a tsakiyar sanyi. Wankan jego na cin ruwan zafi safe da yamma, tukwanenmu kuwa ƙanana. Duron nan Baba ya hana kowa taɓa shi, ko leƙa cikinsa ba a yi. Da gari ya waye na ji motsi a tsakar gida, na ɗaga labule. Ya ɗora duron a kan duwatsu, ya hura wuta a ƙarƙashi, ya cire riga, yana jefa itace da irin juyin kafaɗar da yake jefa kwal. Har na yi arba'in bai bar kowa ya taɓa wutar ba. Mama ke yi mini wankan, shi ke kawo ruwan, ba sa magana sai ta bakina.

"Amarya, gaya wa uwar mijinki ruwa ya iso."

"Amarya, kai gaya masa mutum za mu wanke, ba kaza za mu fige ba."

Suna faɗar haka ne suna tsaye kafaɗa na gogar kafaɗa.

Bangon ne kuma ya sasanta su. Farar ƙasar ta bushe ta yi shara-shara, gawayin ya fara leƙowa ta ƙarƙashi. Mama ce ta fara gani. Ta tsaya a gabansa ta ce, wannan karon ba ta bakina ba, "Baban yara, Jos ɗinka ta fito." Ya zo ya duba, ya bi layin da yatsa har kicin, ya ce, "To, a zuba mini tuwo." Ya kai loma ɗaya ya tsaya, ya dubi miyar, ya dubi Mama, ya ci gaba da ci. Bai sake yabon miyar kowa ba.

Haɗa kayan ya ci shekaru, domin kuɗi sai bayan an sayar da citta suke zuwa. Birkila ya huda bango, wani ramin ya faɗa daidai, wani aka huda aka tarar da kabad a bayansa. Mai walda ya yi ta zuwa, ya haɗa yau, Baba ya kwana a kai, gobe a yanke. Tukunyar gas ma an saya, amma cika ta sai an kai Jos. Kafin komai ya haɗu sanyin shekarar ya wuce, an shiga bazara, irin zafin da ke sa akuya neman inuwar 'yar'uwarta. Maigidana ya ce a bari sai sanyi ya dawo. Baba ya ce jirgi ba ya jiran fasinja ya ji marmarin tafiya.

Ranar gwaji unguwa ta cika gidan, amma kowa ya zaɓi wuri kusa da ƙofa. Fasto ya yi addu'a daga waje, gajeriya fiye da yadda ya saba. Alhaji ya ce shi daga kan katangarsa ma yana gani sarai. Baba ya murɗa, ya ƙyasta ashana, shuɗiyar wuta ta kama a ƙarƙashin duro, shiru, ba hayaƙi. A ranar na fara ganin wutar gas, kuma na yi kwaɗayinta, domin idona ya gaji da hayaƙin itace.

Muka yi ta jira. Can sai bututu ya fara ƙara kamar ana buga shi da cokali. Baba ya manna kunne yana binsa bango-bango yana sanarwa cewa ruwa ya bar Kafanchan, ya ɗauki hanya. Wurin da ya ɗaure da robar taya, inda famfon tagulla ya kamata ya zauna, ya fara tsartuwa ya jiƙa wa mai walda wando. Mai walda ya yi tsalle, rabin 'yan kallo suka tsinci kansu a titi. Alhaji daga kan katanga ya ce, "Yana nan a kanta, Fayaman." Baba ko juyowa bai yi ba. Lagireton falo bai san ana yi ba. Amma na ɗakin Mama ya yi zafi.

Mama ta shiga ɗakin, ta rufe ƙofa da taga yadda ya umarta, ta zauna a bakin gado da tsakar rana cikin bazara. Muka tsaya a waje muna jira. Da ta fito, zaninta ya jiƙe sharkaf kamar ta faɗa rafi. Baba ya cire hula.

"Yaya gwiwa?"

"Ya yi sauƙi," in ji Mama. Ta wuce randa ta yi ta shan ruwa kamar wadda ta dawo daga gona.

Baba ya juyo ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da hularsa. Ban taɓa ganin mutum ya yi tsawo da tsufansa ba sai ranar.

Daga nan duk baƙon da ya zo sai an kunna masa ya gani, Mama kuma ta koyi fita unguwa da zarar ta ji sallama. Ba a rufa mako ba wutar ta yi ja, ta yi ƙasa, ta mutu. Gas ya ƙare. Baba ya zauna a kan tukunyar da babu komai a ciki yana lissafi da yatsu: zuwa Jos sau nawa kafin sanyi ɗaya ya wuce, da kuɗin mota, da kuɗin cikawa, a shekarun da ko kananzir sai an bi layi. Fanshonsa ba zai kai ba ko da yana zuwa a kan lokaci. Sannan ya kira ni.

"Amarya, na tambayi kuɗin bututu, na tambayi kuɗin tiyo, har kuɗin ƙusa na tambaya. Ban tambayi kuɗin abincin injin ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ciyar da inji."

Na ce, "Baba, ai kun yi ƙoƙari. Kowa ya gani da idonsa."

Ya girgiza kai. Sai ya tashi, ya bubbuga tukunyar, ya ce in ɗauka tawa ce, ya ga yadda nake kallon wutar ranar nan. Ya sa maigidana ya sayo mini kan girki. In an samu hali a cika, in ba a samu ba in koma murhu, amma ni ce mace ta farko a layinmu da ta dafa shayi ba ta yi hawaye ba.

Duron kuwa, da sanyi ya dawo, ya ɗaga shi kan duwatsu ya koma wa itace. Kowace safiyar sanyi, har shekarar da ƙarfinsa ya ƙare, shi ke fara tashi a gidan. Ya hura, ya jira bututu ya fara ƙara, sannan ya zagaya ya ƙwanƙwasa tagar Mama.

"Ya iso Jos?"

Daga ciki ta ce, "Ya iso."

In an tambaye shi a coci ko a kasuwa, yakan ce aikin gas na nan daram, an dakata ne kawai sai farashi ya sauka.

Da damina ya rasu, bayan gajeriyar jinya, a ɗakinsa, ba tare da wahala ba. Ana gobe zai tafi ya tambayi maigidana nawa ake cika tukunya yanzu. Da ya ji ya rufe ido, muka zaci ciwon ne ya motsa. Sai ya buɗe ya ce, "Kada ku saya. Zai sauka."

Bayan baƙi sun watse ina taya Mama naɗe kayansa a ɗakinta. Maigidana ya leƙo ya ce in sanyi ya zo shi zai riƙa hura wutar duron. Mama ta ce ya bari, ya sayo mata bargo mai kauri. Da ya fita na ce, "Mama, gwiwar fa?"

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Amarya, zafin nan bai taɓa kai gado ba. Iyakarsa tafin hannu daga ƙarfen. A nan nake rufe daddawata, tana yi da wuri."

Na ce, "To me ya sa kullum kuke ce masa ya iso?"

Ta ci gaba da naɗe wandonsa, ta shafa shi ta ajiye. "Tsoho ya tashi cikin sanyi ya hura wuta saboda kai. Ya zo taga ya tambaya. Kai me za ka ce masa?"

Na miƙa mata riga ta gaba.

Ubangiji ya karɓi bawansa, ya ba shi hutu mai daɗi, ya riƙe Mama da mu da ya bari. Amin.